Wani dattijo ya ce waƙata tana ɗingishi, ku duba mini inda ta karye

ƊanKalgo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekara uku ke nan ina rubuta waƙa, na cika littafi biyu da rabi, amma ban taɓa karanta wa mutane a fili ba sai ran Juma'ar da ta wuce. A majalisarmu ta bakin kasuwa na karanta wadda na yi wa ruwan farko na bana. Abokai suka yi ta "sai kai", har wani ya saya mini shayi. Akwai wani dattijo tela a gefe, bai ko ɗago kai daga kekensa ba. Da na gama sai ya ce, "Yaro, maganarka ta yi daɗi, amma waƙar tana ɗingishi." Na ce a ina, Baba? Ya ce shi bai san sunan abin ba, kunnensa dai ya ji. Ga baiti biyun farko:

Ruwa ya sauka gari ya yi sanyi,
Manoma suna ta shiri za su gona.

Farin ciki ya cika zuciyata,
Ina ta yin godiya gun Rabbana.

Na ƙirga gaɓoɓin, kusan daidai suke, amsa-amon "na" ma bai kuɓuce ba. To ina ɗingishin? Kuma dole ne sai mutum ya koyi aruli, wato ilimin awon waƙa, kafin waƙarsa ta miƙe?

Bazamfare77:
Wa alaikumus salam. Telan nan ya fi mai shayin sonka. Ka koma ka kai masa goro.

MalamMaiAlli:
Ɗana, ƙirga gaɓa da yatsa shi ne ya yaudare ka. Waƙar Hausa auna ta ake yi, ba ƙirgawa ba. Gaɓa iri biyu ce: mai sauƙi, wato baƙi da gajeren wasali kamar "da", da mai nauyi, wato mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda baƙi ya rufe, kamar "sau" da "duk". Ɗangonka na biyu, wato layi na biyu, lafiya lau yake, bari in rubuta dogon wasali da harafi biyu ka gani:

ma-noo-maa / su-naa-ta / shi-rii-zaa / su-goo-naa

Kowace ƙafa da mai sauƙi ta fara, biyu masu nauyi suka biyo. Wannan shi ne karin Mutaƙarab, fa'ulun sau huɗu. Ƙafa ta biyu ce kaɗai ta ƙare da "ta" mai sauƙi, kuma an yarda da hakan, zihafi ne ba karaya ba. Yanzu dubi na farko:

ru-waa-yaa / sau-ka-ga / rii-yaa-yi / san-yii

Ka fara daidai, amma inda kunne ke jiran gaɓa mai sauƙi sai "sau" ta faɗo masa da nauyinta, daga nan duk sauran suka goce. Nan telan ya ji ɗingishi. Da ka ce "Ruwa ya zubo, duk gari ya yi sanyi", da an wuce wurin: ru-waa-yaa / zu-boo-duk / ga-rii-yaa / yi-san-yii. Baiti na biyu kuwa ba ɗingishi yake ba, wata hanyar ya kama daban. Shekara 31 na yi ina koyar da Hausa a sakandare, kuma cikin ɗaliban da ke kawo mini waƙa da wuya in sami wanda ba wannan ce cutarsa ba.

ƊanKalgo:
Allah ya gafarta Malam, wallahi na rera "zubo" ɗin sau uku yanzu, bakina da kansa ya ji bambanci.

'YarArgungu:
Ni ban san fa'ulun ba, amma kakata ta koya mini gwaji mai sauƙi ba tare da ta san ta koya ba. In mata uku suna lugude, taɓarya ba ta jiran kowa. Wadda ke ba da waƙa in ta sa kalmar da ta fi wurinta tsawo, ko dai ta haɗiye rabinta ko taɓaryarta ta buge ta 'yar uwarta. Haka nake gwada tawa. Ina rerawa ina buga cinya, duk inda na ji na ja kalma fiye da yadda nake faɗinta a hira, ko na tattauna ta da sauri don ta shiga, sai in sa alama da biro. Kuma ka riƙa ɗaukar muryarka a waya, kada ka saurara sai da safe. Abin da ka yafe wa kanka da dare, safiya ba ta yafewa.

SarkinShakka:
Ga mu nan kuma, an fara. Duk wanda ya kawo waƙa sai a jibga masa Larabci. Narambaɗa wane aruli ya karanta? Ɗanƙwairo fa? Sa'idu Faru da ake kira Malamin Waƙa, a wace makaranta aka koya masa mustaf'ilun? Mu da muke ƙasar da ta haifi Kassu Zurmi da Sani Sabulu da Gambo, mu ne za a ce sai mun je Basra aron mudu? Yaro ya rubuta abin da ke ransa, ku bar shi ya sha iska.

AlmajirinGwandu:
SarkinShakka, ka haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Waɗanda ka lissafa makaɗa ne, kotso da taushi da kalangu ke riƙe musu awo, ga 'yan amshi suna cike gurbi. In makaɗi ya ja kalma, kiɗa ya rufa masa asiri. Marubuci ba shi da kowa sai takarda, kuma wanda zai karanta a Yawuri bai taɓa jin muryarsa ba. Rubutacciyar waƙarmu a zauren malamai ta girma. Shehu Abdullahi da ke kwance nan Gwandu ya yi waƙoƙi da Larabci, har ya tattara wasu a Tazyinul Waraƙati, Nana Asma'u kuwa da harshe uku ta yi, Larabci da Fulatanci da Hausa. Mutanen nan da karin Larabawa a kunnensu suka tashi. Mu ma haka, sai dai ba mu san sunan ba. Duk wanda ya girma yana jin Burda ya san karin Basiɗ, wanda ya zauna majalisin Ishiriniya ya san Ɗawil. Suna kawai ya rage masa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: boko ne ya ƙara rikita mu. A ajami dogon wasali a rubuce yake, da alif ko wawu ko ya. A boko "gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutu ɗaya ne, alhali na farko gajeren "ga" ne, na biyu dogo. Shi ya sa ƊanKalgo ya duba takarda ya ga komai daidai.

SarkinShakka:
To Aliyu Namangi fa? Makaho ne, bai riƙe alƙalami ba, kuma masana da kansu sun ce a kan karin Caji, waƙar makaɗa, ya ɗora Imfiraji. Akwai rubutacciyar waƙar da ta fi ta shiga gidaje? Ka amsa mini wannan, Almajiri.

MalamMaiAlli:
A nan kam SarkinShakka yana da gaskiya, kuma ba ta rushe maganar Almajiri ba. Ba duk karin rubutacciyar waƙa ne ya fito daga Larabci ba, wasu daga dandali da bakin makaɗa aka ɗauko su. Shi kansa Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra na ƙarni na 8, ba shi ya ƙago karin ba. Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin a haife shi, shi saurara ya yi ya fitar da kari 15, daga baya wani malami, Ahfash, ya ƙara Mutadarik suka zama 16. Ka ga kunne ne gaba, littafi na biye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "a bar shi ya sha iska". Namangi da ya kama karin nan bai sake shi ba, baiti bayan baiti. Ɗauki karin da kake so, ko na 'yan gaɗa ne, amma in ka ɗauka ka riƙe amana.

Bazamfare77:
Malam ya raba gardama, kowa ya samu kashi ɗaya. SarkinShakka, a sha ruwa.

HajiyarGusau:
Kun taru a kan ƙafa kun bar ciki. Ƙanena, ko da baitinka na biyu ya hau kari daram, ni ba zan tuna shi gobe ba. "Farin ciki ya cika zuciyata" ai kowa ya faɗa, mai sabuwar amarya ya faɗa, wanda ya ci jarrabawa ya faɗa. Me ka gani ranar da ruwan ya zubo? Ni abin da nake tunawa na ruwan farko shi ne guguwar da ke riga shi, tana kwashe shanyar mutane, uwa tana ƙwala wa yara kira a kwashe gero daga tabarma, sannan ƙamshin ƙasa. Ba ka sa ko ɗaya ba. Kuma ina zargin "Rabbana" ba godiya ce ta kawo shi ba, neman "na" ne. In godiya za ka yi, mabuɗin waƙa na nan, can magabata ke sa basmala da salati, su sake rufewa da su. Tsakiya wurin aiki ne.

NaYawuri:
Hajiya ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Bari in gwada, a kan karin da Malam ya nuna:

Ƙasa ta jiƙe har tana ba da ƙamshi,
Kamar ba a nan munka ƙone da rana.

ƊanKalgo, ba na ce ka ɗauka ba ne, misali ne kawai.

BaƙonKabi:
Ni mutumin Kano ne, aiki ya kawo ni Birnin Kebbi. Baitin ya yi kyau, amma tambaya biyu. Ina "ba" ta ƙarshe? Ai "kamar ba a nan muka ƙone da rana ba" ake cewa. Na biyu, me ya sa "munka"? In ana son waƙa ta karɓu ko'ina ai gara a tsaya kan daidaitacciyar Hausa.

NaYawuri:
Yaya, "ba" ɗin larurar waƙa ce ta cinye ta, in na maido ta amsa-amo ya tashi. Na yarda rauni ne, ba abin alfahari ba. Amma "munka" ba zan ba da haƙuri a kanta ba. Auna ka ji: a-nan-mun / ka-ƙoo-nee. "Mun" mai nauyi ce, ta cika ƙafar. In na sa "muka" ƙafar ta rame. Harshenmu na nan yana ba mawaƙi abin da naku bai ba shi: "da ya zo" da "da yaz zo" ba nauyinsu ɗaya ba, sai ka zaɓi wadda kari ke so.

AlmajirinGwandu:
Ƙari a kan haka, waƙoƙin ƙarni na 19 cike suke da munka da anka da shina, kuma har Kano ana karanta su a jami'a ba wanda ya ce a gyara. Sharaɗi dai kada ka yi "munka" a baiti na uku don ta cece ka, ka koma "muka" a na huɗu ba dalili.

BaƙonKabi:
Na karɓi ta "munka". Ta "ba" kuwa har yanzu kunnena yana jiranta.

Ɗan_Autan_Mawaƙa:
salam don Allah wa ya san situdiyo mai sauƙin kuɗi a Gusau ina da waƙoƙi 12 na soyayya

MaiGadinZaure:
Ɗan Auta, buɗe naka zaren daban. A nan gyaran rubutu ake yi.

Manomi_Ba_Gona:
Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Ɗangon nan na "manoma suna ta shiri za su gona" shi ya tsayar da ni. Mu damina uku ke nan ba mu taka gonarmu ba, tana can yamma da garinmu, mu muna Gusau gidan haya. Ruwan farko na bana a bakin shagon wani na tsaya ina kallonsa, ina lissafin yau da kwana biyu da an yi shuka. Da na koma gida na tarar da mahaifina ya fiddo kalmensa daga ƙarƙashin gado yana goge tsatsa, alhali ya san ba inda za shi. Na yi waƙa a kan rashin tsaro ta fi goma, duk zagi ne da "Allah ya isa", ko ni ba na son sake karanta su. Wadda mutane suka riƙe ita ce wadda ban ambaci ɗan bindiga ko sau ɗaya ba, tsoho da kalme kawai. Ban san karinta ba, wataƙila ita ma tana ɗingishi. Ba gyara nake maka ba ƙanena, ka yi waƙar murnarka, muna son jin cewa wani wuri ana zuwa gona.

HajiyarGusau:
Allah ya mayar da ku gida lafiya, ya ba Baba ikon sake riƙe kalmen nan a gonarsa. Don Allah ka kawo mana waƙar nan zaure.

'YarArgungu:
Amin ya Rabbi. Na kasa cewa komai.

SabonJini:
Amin. Amma wannan ai hujja ce gare mu masu rubutu ba kari ba ƙafiya. Ga shi waƙarsa ta taɓa mutane bai san fa'ulun ba. Duniya ta wuce wurin nan, a taron matasa yanzu mutum tsayawa yake ya zubo magana mai nauyi, a tafa masa.

MalamMaiAlli:
Bai ce ba ta da kari ba, ya ce bai san sunansa ba, kamar telan Kalgo. Ni ban hana kowa zubo magana ba, ɗana. Tambayata ɗaya: cikin waɗanda aka tafa wa bara, wace ce ka haddace? Nana Asma'u da ta so karatu ya isa ga matan ƙauye, waƙa ta ba jaji, wato matan da ke yawo suna koyarwa, suka tafi da ita a ka, domin abin da aka auna shi ke zama a ƙwaƙwalwa.

SabonJini:
Baba, yanzu waya ke haddace mana.

Bazamfare77:
Har ranar da caji ya ƙare.

AlmajirinGwandu:
Mu koma kan mai tambaya. ƊanKalgo, shawarata ka zauna a ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, tukuna, kada ƙwar biyar ta ruɗe ka. A ƙwar biyar ɗango huɗu na farko suna da nasu ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa a kowane baiti, na biyar yana riƙe da babban amsa-amon da ba ya sauyawa har ƙarshe. Wanda bai tara kalmomi ba, nan yake fara lanƙwasa harshe, ya liƙa "wa" ko "ya" a wutsiyar kalmar da ba ta da su. Kafin ka zaɓi amsa-amo, zauna ka rubuta kalmomin da ke ƙarewa da shi. In ba su kai 30 masu amfani ga jigonka ba, sake wani. In hannunka ya faɗa, gwada tahamisi: ka ɗauki baitin wani gwani mai ɗango biyu, ka ɗora naka uku a samansa, da karinsa. Isa ɗan Shehu ya yi wa waƙar da 'yar uwarsa Nana ta mayar Hausa haka. Ba abin da ke tona asirin mai koyo kamar ɗangonsa ya zauna kusa da na gwani. Kuma ka nemi waƙoƙin Aƙilu Aliyu, ai ɗan Jega ne, maƙwabcinku, an haife shi 1918 ya rasu 1999. Ka karanta da ƙarfi, ba a zuci ba, ka ji yadda yake wasa da baƙaƙe.

SarkinShakka:
Shi ma ya saurari Ɗanƙwairo. Ban janye ba.

ƊanKalgo:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Jiya na koma wurin telan da goro kamar yadda Bazamfare ya ce, na rera masa da "zubo". Ya ce yanzu ta taka ƙasa. Na cire baitin farin ciki gaba ɗaya, abin ya yi mini ciwo amma na cire. Yaya Manomi, maganarka ta sa na zauna na tuna abin da na gani da idona ranar. Ga abin da ya fito:

Awaki suna ta gudu za su zaure,
Kwaɗi sun hana ni da yara mu kwana.

Malam, a duba mini.

MalamMaiAlli:
Madalla, ɗangon awaki ya hau: a-waa-kii / su-naa-ta / gu-duu-zaa / su-zau-ree. Na biyun boko ya sake yi maka ƙafar ungulu. Faɗi "kwaɗi" a hankali. Kwaa-ɗii ne, dogo, ka buɗe ɗango da mai nauyi. Gwada "Su kwaɗo suna hana yara su kwana".

BaƙonKabi:
Hana su kwana kamar yaya? Ai ko ba su runtsa ba sun kwana. Barci dai.

'YarArgungu:
Yaya, a nan in an ce yaro na kwana, barci yake yi. Ka daɗe a Kabi, ya kamata ka fara jin mu.

HajiyarGusau:
Wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba, yanzu ina ganin awakin. Amma ni "su kwaɗo" ta Malam ta yi mini kama da tatsuniya, na fi son nasa ko da ɗingishin. Sannan awaki da rana suke gudun ruwa, kwaɗi kuwa sai dare. Yaushe ruwan nan ya zubo ne?

ƊanKalgo:
Da la'asar ya fara, Hajiya, bai ɗauke ba sai bayan isha'i.

HajiyarGusau:
To akwai baiti ɗaya da ya ɓace tsakaninsu, na magariba. Je ka nemo shi.